Kamun Kai a Shagon Wasan Bidiyo



Ban tsaya nan domin in haramta wa 'ya'yanmu ƙwallon PlayStation ba. Mu ma mun sha raba dare a kan langa. Abin da ke damuna shi ne ƙa'idar shagunan nan: wanda aka ci, shi ke biya. Yaro ya sha kashi, ya fusata, ya zagi uwar abokinsa, sa'an nan ya taɓa kuɗin baiko domin ya rama.

Manzo Bulus, a Galatiyawa sura 5, ya lissafa kamun kai cikin halayen da Ruhu ke haifarwa. Ranar Lahadi kowane yaro salihi ne. Dattawa, ku leƙa shagon ranar Asabar, ba da bulala ba, ku ji bakin ɗanku sa'ad da aka zura masa ƙwallo a minti na 90.