Jawabi ga matasa da iyaye: shekarun yaro a filin ƙwallo



Ku masu shirya wasan ƙwallo tsakanin garuruwa, kun san doka: wasan yara na yara ne. In an ce ƴan ƙasa da shekara 17, mai shekara 20 ba ya shiga. Ƙato ya fi yaro ƙarfi, yana iya karya shi. Kuma yaron da aka hana wuri, wa zai biya shi?

Abin ya taɓa cin ƙasarmu. A shekarar 2009, a Aljeriya, yaran Nijar sun yi ƙoƙari ƙwarai cikin gasar Afirka. Sai aka gano ɗan wasa guda ya wuce shekaru. Aka kori ƙungiyar duka. Malawi ta ɗauki wurinmu, ita ta tafi gasar duniya. Sai a 2017 yaranmu suka samu zuwa, can Indiya.

Yanzu likitoci suna ɗaukar hoton wuyan hannu da na'ura. In ƙashin ya gama haɗewa, ana cire yaro, ko me takardarsa ta ce.

Mu nan ba mu da na'ura. Takardar haihuwa muke da ita. To, iyaye, in an yi haihuwa, ku je a rubuta jariri tun kafin a manta ranar. Wanda ya makara, sai ya je wurin alƙali a Madawa da shaidu. Shaidu kuma su faɗi shekarar gaskiya, kada su rage. Kada wa ya shiga fili da takardar ƙanensa.

Ku da kuka koyi karatu, ranar wasa ku karɓi takardu ku karanta da ƙarfi, gaban kowa, kafin a busa usur.