Kafin Ka Buɗe Facebook: Jawabin Jami'ar Kariya ga Shugabannin Unguwanni da Matasa

 

Matasa suna ta tambayarmu ko su buɗe Facebook, iyaye kuma suna cewa mu hana su. Ba za mu hana ba. Amma ina so kowa ya san abin da yake buɗewa.

Amfanin dai a fili yake. Tun 2019 da aka fara tsallakowa jihar Maradi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, gida ɗaya ya rabu uku: wani yana Garin Kaka, wani yana Chadakori, wani kuma bai baro Sabon Birni ba. Saƙon murya na WhatsApp ba ya bukatar karatu. Tsohuwa za ta danna ta ji muryar jikanta. Ta nan ake jin haihuwa da rasuwa, har da farashin gero a gida.

To, ga inda nake so mu daɗe. Facebook yana iya nuna ka ga mutanen da ke da lambarka a wayoyinsu, ko ba ka neme su ba. Hanyar da ɗan'uwanka ya bi ya same ka, ita mai kai wa 'yan bindiga rahoto zai bi, kuma da yawanku kun san irin waɗannan mutane ba daga nesa suke ba. Yaro ya ari babur ranar Sallah, ya sa sabuwar shadda, ya ɗauki hoto. A nan mun san aro ne. Wanda ya gani daga can zai ce gidan su wane sun samu kuɗi, alhali baffan yaron yana ƙauye har yanzu, inda ake ɗauke mutane don kuɗin fansa. Saboda haka kada a rubuta sunan ƙauyen da aka baro, kada a nuna inda ake zaune, kuma a gyara shafin yadda abokai kaɗai za su gani. Wanda ba ka san fuskarsa ba, kada ka karɓe shi aboki don kawai ya yi sallama da Hausar garinku.

Sai 'yan damfara. Za a turo maka saƙo da tambarin HCR, wai sunanka ya fito za a kai ka Kanada ko Amurka, ka aika kuɗin takarda. Ƙarya ce. Duk aikin HCR kyauta ne, daga rajista har zuwa mayar da mutum wata ƙasa. Kada ka tura wa kowa hoton katinka na gudun hijira. Haka lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa lokacin buɗewa: duk wanda ya karɓe su daga hannunka zai iya ƙwace asusun, ya shiga roƙon danginka kuɗi da sunanka.

Mata, na san da yawanku da wayar aro kuke shiga. In kun gama, ku fita daga shafin kafin ku mayar da ita. Iyaye kuma, dokar Facebook ita kanta ba ta yarda da yaron da bai kai shekara 13 ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saƙon nan da ke yawo lokaci-lokaci, wai an yi sulhu, kowa ya koma gida. Bidiyon ma sau da yawa tsoho ne, ko na wani gari. Kada kowa ya ɗaure kaya saboda saƙon da bai san wanda ya fara turo shi ba. A kira mutumin da aka yarda da shi a can, a kuma zo a tambaye mu.

Mai neman ɗan'uwan da ya ɓace, kafin ya baza hotonsa a intanet ya fara zuwa wurin ma'aikatan Red Cross, su ma kyauta suke nema. Wanda kuma yake so a gyara masa shafi ya tsaya da wayarsa bayan an tashi, za mu yi tare.