Jawabi Ga 'Yan Jam'iyya A Kan Girman Kai Da Gorin Asali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, dattawa da samari, ku ara mini kunnuwanku kaɗan.

Abin da ya tashe ni tsaye yau shi ne abin da ya auku a taronmu na watan jiya. Mun taru domin shawarar rufin makarantar yara, sai wani daga Birnin Kabi ya ce shi ba ya zama bayan Bakabe, domin kakanninsa suka yi jihadi. Wani daga Argungu ya miƙe ya ce shi jinin Kanta ne, su suka gagari Gwandu da Sakkwato. Aka watse ba a yanke kome ba, ga damina ta matso, yara suna karatu a fili. Ni ma da laifina, gama na yi shiru ran nan.

Ku sani wannan gardama ta girme mu duka. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari, aka tsare ɗansa Yakubu Nabame a Sakkwato shekaru da yawa, sa'an nan a 1849 ya tayar da Kabawa, ya zauna Argungu. Daga nan sai hari da ramuwa, manomi ba ya nisa da ganuwa, masunci ba ya sakin jiki a gulbi. Ko amanar da ake kira Lafiyar Toga, wadda aka ƙulla a 1867, ba ta cika shekara goma ba aka koma yaƙi, har Turawa suka zo suka tarar da mu haka.

To, me ya kashe wutar? A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka da kansa zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi da girma, aka yi masa su na musamman. Asalin bikin kamun kifin nan na Matan Fada ke nan, wanda duniya ta san mu da shi. Babba ya je gidan abokin gabar kakanninsa, girmansa bai ragu ba. Kuma tun 1991 jiha guda ta haɗa mu, gulbi guda muke sha. Sarakunan da ke da gadon yaƙin sun yafe, mu talakawa me muke riƙo?

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Na fari, wurin zama ya bi shekaru, dattijo gaba, ko daga ina ya fito. Na biyu, taro ya riƙa zagawa, wata guda Birnin Kabi, wata guda Argungu. Na uku, wanda ya yi wa ɗan'uwansa gorin asali, shugaba ya tsayar da shi har ya nemi gafara. Mai alfahari da kakansa ya tuna kakan aiki ya yi aka san shi. Ya kawo nasa, ko azara guda ce, mu rufe makaranta kafin ruwa ya sauka.

Allah Ya tsare mu daga girman kai, Ya haɗa zukatanmu. Wassalamu.