Talauci da Yankewar Zumunci a Ƙasar Hausa



Da yake ni malamin harshe ne, bari in fara da kalma. Bahaushe yana kiran matsanancin rashi da sunan tsiya, kuma da wannan kalma yake kiran yawan faɗa da baƙin hali, ya ce wane ya cika tsiya. A ganina harshen ya daɗe da lura cewa rashi yakan taɓa zuciya tun kafin ya bayyana a riga. Haka kuma in Bahaushe ya ɗaga hannu yana addu'a, abin da ya fi roƙo shi ne rufin asiri, wato kada jama'a su san halin da gidansa yake ciki.

To, mu dubi biki. Macen da aka kawo wa gudummawa ranar sunan ɗanta bashi ta ci, kuma al'ada tana so ta mayar da abin da ya ɗara wannan ranar da ƙawarta ta tashi nata. In babu, sai ta fake da ciwon kai ta zauna ɗaki. Ta yi sau biyu, sau uku, shi ke nan an daina aiko mata da goron gayyata. Maigida ma haka: ranar da ba a ɗora tukunya ba, ba ya fita ƙofar gida wurin ciyayya, don akushinsa ba zai fito ba. Kunya ce take tsare su, daga nan sai rashin barci da saurin fushi, iyali su kwana a ciki.

Abin yakan shiga har cikin gida. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa matalautan manoma sukan ƙare damina suna ƙwadago a gonakin wasu, nasu su lalace, 'ya'yansu kuma su bar gandu. Mun ce zumunta a ƙafa take, amma bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hana mutane da yawa zuwa ta'aziyya.

Ku da kuke ofis, ga inda abin ya shafe ku. In za a raba taimako aka jera mutane layi a bainar jama'a, ana kiran suna ɗaya ɗaya, dattijon da ya shekara yana ɓoye halinsa ba zai zo ba, takardarku kuwa za ta nuna ba ya cikin mabukata.