Daga Anini Zuwa Ɗigo: Lacca ga Malaman Firamare da Iyayen Yara a Kongolam

  

Akwai tambayar da na sha yi wa 'yan aji biyar: tsakanin 0.5 da 0.25 wanne ya fi yawa? Sai ka ga hannuwa sama, amsa kuwa 0.25, wai don 25 ta fi 5. Amma ka ɗauki yaron nan ka kai shi kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ka ce ya zaɓa tsakanin rabin mudu na gyaɗa da kwatan mudu, ba zai ko yi jim ba. Ashe ilimin yana kansa. Mu ne ba mu nuna masa cewa abin da ke kan allo shi ne abin da ke cikin mudu ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fanni. Muna da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri. Manomin gero ya san zakkar abin da ruwan sama ya shayar ushuri ce, dami ɗaya cikin goma. To 0.1 ba kowa ba ne illa ushurin nan, ya sake riga. Daga nan ya kamata darasi ya tashi. Yaro ya riga ya san gurbin ɗaya-ɗaya, da na goma-goma, da na ɗari-ɗari, ya san kowane taku zuwa hagu ninki goma ne. Sai a nuna masa hanyar ba ta ƙare a ɗaya ba: idan ka tsallake ɗigo zuwa dama, gurbin farko na ushuri ne, na biyu na ushurin ushuri, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Da wannan idon, 0.5 ushuri biyar ne, 0.25 kuwa ushuri biyu ne da ɗan ƙari. Gardama ta ƙare. Ina roƙonku ku hana yara cewa "sifili ɗigo ashirin da biyar", domin daga bakin nan kuskuren yake shiga kai. Su ce ɗigo biyu biyar, ko kashi 25 cikin 100.

Dattawan da ke zaune nan sun yi zamanin fam da sule. Sule 20 ne fam, kwabo 12 ne sule, ga sisi, ga taro, ga ɗari. Cikin wannan tsari mai wuyar lissafi akwai ɗan tsabar kuɗi mai huda a tsakiya, anini, wanda goma ne ke yin kwabo. Kakanninmu sun riƙe 0.1 a tafin hannu tun ba a rubuta musu shi a allo ba. Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta koma naira da kwabo, kwabo 100 a naira, sule ya zama kwabo 10. Malaman wancan lokaci sun huta, don tsabar kuɗin aljihu ita ce kayan aikinsu. Yau fa? Yaronmu bai taɓa sayen komai da kwabo ba, amma muna cika masa littafi da shi.

A madadin kwabo, ku samo kara mai tsawon mita ɗaya. Yara su tsaga shi gaɓa goma da hannunsu, kowace gaɓa a rubuta mata 0.1. Ku aro tef ɗin tela, su ga santimita 100 a jikinsa, su naɗe tsawon mitar nan biyu su ga 50, su naɗe huɗu su ga 25. Masu wayo a kai su ga sumunin rabon gado, 0.125, da rubu'in ushurin zakkar dukiya, 0.025. In sun tambayi sulusi, a gaya musu gaskiya: goma ba ta rabuwa uku, shi ya sa 0.333 ba ya ƙarewa, alhali sulusin tsohon sule kwabo 4 ne cif. Kada kuma su ɗauka ilimin baƙo ne. Masanin lissafi Jamshid al-Kashi ya yi bayaninsa a Samarkand tun 1427.

Abu na ƙarshe namu ne mu na bakin iyaka. Ɗan'uwanmu da ya yi makaranta a Nijar waƙafi yake sawa inda muke sa ɗigo: shi 2,5, mu 2.5. Mu kuma waƙafinmu na raba dubbai ne. Yaron da gobe zai canji sefa ko ya karanta takardar kaya a Kongolam dole ya san duka biyun, kuma a aji huɗu ya kamata a fara nuna masa su gefe da gefe.