Majigin Hotuna: Yadda Mai Hoto Zai Jera Aikinsa Jama'a Su Zauna Su Kalla

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin dattawan masu sana'ar hoto na garin Lafiya ya gabatar a zaman da ƙungiyarmu ta yi da matasa masu ɗaukar hoto. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.

 

 An ce in yi magana a kan yadda mai hoto zai jera hotunansa a haska su a bango ɗaya bayan ɗaya, wato abin nan da ake yi yanzu a wajen walimar aure da saukar karatu da naɗin sarauta. Ni dai sunan da na san shi da shi tun ina yaro shi ne majigi, kuma da shi zan kira shi yau.

Kafin in shiga, bari mu gaya wa juna gaskiya. Sana'armu tana cikin wani hali. A da in ana biki mai hoto ɗaya ne a gidan, ana jiransa kamar yadda ake jiran liman. Yau ka shiga wajen ɗaurin aure a Sabon Pegi ko Bukan Sidi, kafin ka ɗaga kyamararka mutum hamsin sun ɗaga waya, kuma kafin ka isa shago hotunansu sun kai Kano. To me ya rage mana da mai waya ba zai iya ba? Abu biyu ne: iya zaɓe, da iya jeri. Mai waya yana tara hotuna ne kurum. Mai hoto na gaske shi zai ɗauki tarin nan ya mai da shi labari mai farko da tsakiya da ƙarshe. Wanda ya iya wannan, abincinsa na nan.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar majigi ita kanta daga Turanci muka are ta, daga sunan wata fitila da Turawa ke kira fitilar dabo, wadda aka san ta a ƙasashen Turai tun ƙarni na 17. Akan zana hoto a kan gilashi, a sa shi gaban fitila, sai ya fito ƙato a bango. Da Turawan mulki suka fara yawo da motar fim gari gari a nan Arewa, sai sunan ya bi ta. Dattawan da ke nan za su tuna: a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna fim na tsafta ko na noma, irin su Baban Larai mai koyar da noman auduga, ga kuma mai bayani riƙe da lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke gani. Ku riƙe batun mai bayanin nan, zan komo gare shi.

Daga baya, a shekarar 1961, kamfanin Kodak ya fito da na'urar haska hoto mai suna Carousel. Faifanta zagayayye ne, yana cin hoto 80. Sun daina ƙera ta a 2004, da kwamfuta ta karɓe aikin. Amma akwai darasi a cikin faifan nan. Gurbi 80 ne, in hotonka na 81 zai shiga, dole wani ya fita. Haka fim ɗin da muka koyi aiki da shi, hoto 36 yake ci, kowane ka ɓata kuɗinka ka ƙona. Ƙarancin nan shi ya koya mana zaɓe. Ku kuwa katin kyamararku yana cin dubbai, saboda haka ku da kanku za ku yi wa kanku iyaka.

Ni ma sai da na sha kunya kafin in gane. Farkon da na sayi majigin zamani, an kira ni wata walimar aure, na kwashe hotuna kusan ɗari huɗu na zuba, ban tsallake ko ɗaya ba, wai don uban amarya ya ga na yi aiki. Hoton amarya tana zaune ya fito sau goma sha, duk iri ɗaya. Kafin a kai rabi dattawa sun koma hirar farashin doya, yara sun fara guje-guje, wata gwaggo ta ce, "Mai hoto, abin naka ba ya ƙarewa ne?" Ranar na koma gida jikina a sanyaye.

Saboda haka abu na farko, rage. Ga lissafin mai sauƙi: hoto ɗaya ya tsaya daƙiƙa 5, hoto 60 ya ba ka minti 5 cif. A wajen taro, inda ake cin abinci ana gaisawa, minti biyar zuwa bakwai ya isa. In ka ɗauki hoto goma na abu ɗaya, ka zaɓi guda, wanda ido ke buɗe kuma fuska ta saki. Sauran ka ba masu gida a albam ko a filas, babu wanda ya ce ka zubar.

Abu na biyu, jeri. Kada ka bar kwamfuta ta jera maka bisa lamba. Bikinmu na Hausawa ai da jerinsa ya zo: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, kai amarya, buɗar kai, walima. Ka bi wannan hanya, mai kallo ba zai ɓace ba. Ka buɗe da hoton da zai gaya wa mutum inda ake, kamar ƙofar gida da rumfa da jama'a. Sannan ka matso kusa, ka nuna fuska. Sannan ka ƙara matsowa, ka nuna hannu da lalle, ko goro a faranti, ko allon mai sauka. Nesa, kusa, kusa ƙwarai, sa'an nan ka koma nesa. In ka jera hoton tsayuwar rukuni ashirin a jere, ido ya gaji. Hotonka mafi kyau kuwa kada ka kashe shi a farko. Ka ajiye shi ya zama na rufewa, ka bar shi ya daɗe fiye da sauran, don da shi mutane za su tafi gida.

Abu na uku, kada ado ya fi amarya. Manhajojin da kuke aiki da su, PowerPoint a kwamfuta ko CapCut a waya, cike suke da salon juya hoto: wani ya yi tsalle, wani ya farfashe, wani ya yi juyi kamar fanka. Duk wannan wasan yara ne. Ka zaɓi salo ɗaya mai natsuwa, wanda hoto zai narke wani ya bayyana, ka tsaya a kansa har ƙarshe. In kana son ɗan motsi, ka sa hoton ya riƙa matsowa a hankali zuwa ga fuska. Wani Ba'amurke mai shirya fim, Ken Burns, da wannan dabara ya ba da tarihin yaƙin basasar ƙasarsu a shekarar 1990, galibi da tsofaffin hotuna, har yau dabarar sunansa ta ci. Rubutu kuma ya zama kaɗan, da manyan baƙaƙe, yadda tsohon da ke layin baya zai iya karantawa.

Abu na huɗu, sauti. Kada ka ɗora kiɗa sai ka tambayi masu gida. Wani gidan suna so, wani gidan ba sa so, kuma abin da ya dace da kamu bai dace da saukar Alƙur'ani ba. Haka nan waƙar mutane tana da mai ita. In ka ɗora ba da izini ba ka sa a Facebook ko YouTube, suna iya kashe sautin, aikinka ya zama bebe. Ni shawarata ita ce mu dawo da mai bayani. Ka je wajen kakar amarya ko wan ango, ka ɗauki muryarsu suna faɗin waye wannan, ina aka yi wancan, da addu'ar da suke yi wa ma'aurata, ka shimfiɗa ta ƙarƙashin hotunan. Babu kiɗan da zai kai wannan shiga zuciya, kuma ranar da tsohuwar ta kwanta dama, abin da ka ba su ya zama dukiya.

Abu na biyar, shiri. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ka je wajen taron da wuri ka gwada komai. Majigi ba ya son haske, in da rana ne a fili gara ka nemi babbar talabijin. Ka tabbatar da janareto da mai, don kar a ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Ka tuna bango da talabijin a kwance suke, waya kuwa a tsaye ake riƙe ta, saboda haka ka shirya biyu: cikakke a kwance domin taro, gajere a tsaye na minti ɗaya domin waya. In za ka tura wa mai shi ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi kyansa ya ragu. Kuma ka ajiye aikinka wuri biyu ko uku, kati kan lalace, waya kan ɓata.

Na shida shi ya fi duka nauyi, shi ne amana. Mai hoto yana shiga inda ba kowane namiji ke shiga ba. An bar ka ka shiga cikin gida ne don an yarda da kai. Hoton da aka ɗauka a wajen kamu, mata sun saki jiki a tsakaninsu, ba shi za ka haska gaban maza a wajen walima ba, balle ka sa shi a shafinka don talla. Kafin ranar nuni ka zauna da uwar amarya ko mai gida, su kalla daga farko har ƙarshe, wanda suka ce a cire ka cire, ko da ya fi kowane kyau. Hoto ɗaya ya isa ya kashe aure. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane tun shekarar 2023, amma kafin doka akwai tsoron Allah da kunyar ido. Mu nan duk mun san juna, in sunanka ya ɓaci a Tudun Kauri, kafin la'asar an ji a Shabu.

Yanzu ga roƙona ga wannan ƙungiya. Iyayenmu da kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, fatauci da neman halal suka kawo su, mutanen Lafiyar Barebari suka karɓe su hannu bibbiyu. A nan aka haife mu, a nan muka haifa. Garin da suka tarar ba shi ne na yau ba. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, Lafiya ta zama babban birni, daga nan gine-gine suka canja mata kama. Marigayi Sarkin Lafiya Alhaji Isa Mustafa Agwai na ɗaya ya yi sarauta daga 1974 har zuwa rasuwarsa a 2019. Hawan Sallah nawa aka yi a tsawon waɗannan shekaru, kuma ina hotunan? Ina hotunan tashar jirgin ƙasa sa'ad da take cike da fasinja? Ina na alhazanmu na farko ranar da suka dawo? Suna nan cikin akwatuna da ƙarƙashin katifa, laima da gara suna cin su, waɗanda suka san masu fuskokin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keita, wanda ya rasu a 2001. Mai shago ne kamar mu, hoton mutanen garinsa yake ɗauka, amma ya adana dodon hotunansa da kyau. Daga baya har a Faransa da Amurka aka baje su, duniya ta ga yadda mutanen Bamako suke a shekarun 1950. Ba kyamara mai tsada ta kai shi nan ba, adana ne.

To mu ma mu yi namu. Kowane gida ya fito da tsofaffin hotuna guda biyar. Matasanmu su ɗauke su da kyamara a inuwa, ba tare da walƙiya ba, su mayar wa masu su nan take. Dattijo ya zauna kusa ya faɗi suna, da garin asali, da sana'a, da shekara in an tuna, a rubuta. Daga ciki mu zaɓi 80, kamar faifan da, mu jera su, mu haska a taronmu na bayan Sallah. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Yaron da aka daɗe ana ba shi labarin kakansa, ranar zai ga fuskarsa.

Nan zan dakata. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garin Lafiya lafiya, amin.