Tafin Ƙafar da ya Shimfiɗe da Girma: Me Tiyata Take Maido wa Tafiya?



A kowane taku ƙafa tana aiki biyu. Lokacin da diddige ya dira sai ta yi laushi ta shanye nauyi. Lokacin ɗagawa kuma sai ta ƙage ta tura jiki gaba. Mai sauya ta daga wannan hali zuwa wancan wata jijiya ce da ta sauko daga sha-raɓa, ta bi bayan idon sawu na ciki, ta kama ƙasusuwan tsakiyar ƙafa. Likitoci suna kiranta tibiyalis ta baya. Idan ta saki, kwarmin tafin ƙafa ya rufta, diddige ya karkata waje. An fi ganin haka ga matan da suka haura shekara 40, musamman masu ƙiba, hawan jini ko ciwon suga.

Ku tsaya bayan mai wannan larura, za ku hango yatsunta sun leƙo ta gefe fiye da kima. Ku ce ta yi ɗage a kan ƙafa ɗaya. Za ta dafa bango, ta cije leɓe, diddigen ya ƙi tashi.

A 1989 Johnson da Strom suka kasa ciwon mataki uku, daga baya Myerson ya ƙara na huɗu. A mataki na biyu, ƙafa tana juyuwa a hannun likita, don haka ana iya ceto gaɓoɓinta. Akan yanka ƙashin diddige a turo shi ciki a ɗaure da ƙusar ƙarfe, dabarar da Koutsogiannis ya bayyana a 1971, sannan a aro jijiyar da ke lanƙwasa ƙananan yatsu ta karɓi aikin wadda ta gaza. Idan agara ta ɗaure, a sassauta ta. Binciken Brodsky a Amurka, a 2004, ya nuna bayan shekara guda da tiyatar saurin tafiya da ƙarfin turawa sun ƙaru.

Amma idan an makara ƙafa ta sandare, sai dai a haɗe gaɓoɓi uku na bayanta su zama ƙashi ɗaya. Zafi yana raguwa, tafiya a kan siminti ta daidaita, sai dai ƙafar ta daina karkata dama da hagu. Manomi zai ji wannan a kan kunya, mai salla zai iya jin sa a zaman tahiya. Abin da ke ci mini rai ke nan: da yawa sukan ɗauki kumburin idon sawu a matsayin targaɗe, su yi ta ɗori har lokacin ceto gaɓa ya wuce.

Ga likitocinmu masu tasowa a asibitin Dala da sauran asibitocin ƙashi, hoton ƙashi mai kyau bai isa shaidar nasara ba. Ku fitar da majinyaciya farfajiya ku kalli takunta. Ku kuma gaya mata tun farko cewa za ta yi kusan mako shida ba ta taka ƙafar ba, sannan gashin ƙashi na watanni, kuma ƙarfin ɗage yakan ɗauki kusan shekara kafin ya dawo.